Gyaran Tsohon Gini da Manhajar BIM: Abin da Kwamfuta Ke Gani da Abin da Ke Ɓoye Cikin Bango

An ƙirƙiro jihar Bauchi a watan Fabrairun 1976, kuma shekarun da suka biyo baya shekarun gine-gine ne. Sabuwar jiha tana buƙatar sakatariya, gidajen ma'aikata, makarantun kwana, asibitoci da kotuna. Kuɗin man fetur na shigowa, aka yi ta aza harsashi daga birnin Bauchi har Azare da Misau da Gombe, wadda a lokacin tana cikin jihar kafin ta samu tata a 1996. Yawancin waɗancan gine-ginen yanzu sun ba shekara 40 baya. Kwanonsu ya yi tsatsa, gara ta ci katakon rufi, wayoyin da aka ja domin fanka da ƙwan fitila yau su ke ɗauke da firji da na'urar sanyaya ɗaki. Ba mu da kuɗin rushe su mu sake sababbi, kuma ko da muna da shi, ɓarna ce a rushe ginin da ƙashinsa ke da ƙwari. Babban aikin da ke gaban masu sana'ar gini a Bauchi gyara ne, ko mun so ko mun ƙi.

Duk wanda aka taɓa ba aikin gyara ya san tambayar farko: ina zanen ginin? Ya kuma san amsoshin da ake bayarwa. Ya ɓace lokacin da aka sauya ofis. Ruwa ya jiƙa shi a sito. Kamfanin da ya yi aikin ya tattara ya bar ƙasar tun tuni. In an yi sa'a aka samo shi, sai a tarar ba shi aka bi ba sak lokacin gini, ko kuwa an bi shi amma daga baya wani shugaban makaranta ya toshe taga, wani ya fasa ƙofa, wani ya jingina ɗaki a baya. Guguwar da ta afka wa birnin Bauchi a watan Yunin 2018 ta yaye rufin gidaje da makarantu masu yawa, kuma gyaran gaggawa irin wanda ke biyo bayan wannan ba safai ake komawa a shigar da shi cikin zane ba. A haka gini ke yin nisa da takardarsa, shekara bayan shekara.

A wannan giɓin ne ake ta kawo maganar BIM, wato tsarin haɗa samfurin gini a kwamfuta tare da dukkan bayanansa. Matasan da suka fito daga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji sun saba da sunayen manhajojin BIM irin su Revit da ArchiCAD, wasunsu sun ƙware. Masu gine-gine kuwa, da dama abin da suka fahimta shi ne hoto mai kyau da ake jujjuyawa a allo ana nuna musu gidansu da fenti da furanni. Wannan hoton shi ne mafi ƙanƙantar amfanin tsarin, kuma a aikin gyara yana iya zama mafi hatsari. Zan zo kan dalili.

Da farko, mene ne bambancinsa da zanen da muka saba? A manhajar zane ta AutoCAD, wadda ta fito a 1982 kuma har gobe ita ce a yawancin ofisoshinmu, layi layi ne kawai. In ka ja layi biyu kusa da juna, kai ne ka san bango kake nufi, kwamfuta ba ta sani ba. In ka matsar da ƙofa a taswirar ƙasa, sai ka bi zanen fuskar gini ka gyara, ka bi zanen yanka ka gyara, ka koma jadawalin ƙofofi ka gyara, ka kuma sanar da mai ƙididdigar kaya. Wanda aka manta a ciki shi ke zama rigima a wurin aiki. A BIM kuwa, bango bango ne: yana ɗauke da kaurinsa, tsayinsa, irin bulonsa, filastarsa da fentinsa. Ƙofa tana manne da bangon da take ciki. Ka matsar da ita sau ɗaya, duk zanukan da jadawalin su sauya tare, domin dukkansu daga samfuri ɗaya ake ciro su. Ka tambayi manhajar murabba'in mita nawa ne na bangon bulo mai inci 9 a ginin nan, ta ba ka amsa nan take.

Tunanin ba sabo ba ne. Charles Eastman ya bayyana shi a rubuce tun 1975 yana jami'ar Carnegie Mellon a Amurka. Kamfanin Graphisoft na ƙasar Hangari ya fito da ArchiCAD a shekarun 1980, Revit ta fito a 2000, Autodesk ya saye ta a 2002. Gwamnatin Birtaniya ta wajabta tsarin a manyan ayyukanta daga 2016, sannan a 2018 aka fitar da ƙa'idar duniya ta ISO 19650 kan yadda za a riƙa sarrafa bayanan. Abin lura a wannan tarihin shi ne, sabon gini aka fi sa wa a rai lokacin da ake ƙera waɗannan manhajoji. A sabon gini, samfuri ne gaba, gini na biye, kuma magini ne ke ƙoƙarin ya yi daidai da kwamfuta. A gyara abin ya juya: gini na tsaye tun kafin a haifi mai zanen, kwamfuta ce ke ƙoƙarin ta yi daidai da shi. Tela ya san wannan bambanci. Yanka sabon yadi daban, gyaran babbar rigar da wani ya ɗinka shekara talatin da suka wuce daban, domin sai ka farke ka ga abin da ya bari a ciki.

Saboda haka aikin BIM a tsohon gini ba a gaban kwamfuta yake farawa ba. Da awo yake farawa, kuma ingancin duk abin da zai biyo baya ya rataya ne a kan awon.

Hanya mafi araha ita ce wadda muka gada: tef, takarda, mutum biyu. Yanzu an samu ƙaramar na'urar awo ta hasken leza da ake riƙewa a hannu, wadda kuskurenta bai wuce 'yan milimitoci ba, kuma mutum ɗaya na iya aiki da ita. Ga gida mai ɗaki uku ko huɗu a Fadaman Mada ko Yalwa, wannan ya wadatar, da sharaɗi ɗaya da matasa kan tsallake: a auna daga kusurwa zuwa kusurwa. Ɗakin da ke da mita 3 da mita 4, in kusurwoyinsa daidai suke, tsakanin kusurwa da kishiyarta mita 5 ne cif. Tsofaffin birkiloli da wannan lissafin suke fitar da fandisho. In aka auna aka samu mita 5 da santimita 8, ɗakin a karkace yake. Manhaja kuwa, in ba ka hana ta ba, miƙe shi za ta yi, domin ɗabi'arta ce son miƙaƙƙen layi. Ranar da mai tayil ya zo, ko aka kawo kabad ɗin kicin da aka yanka bisa awon kwamfuta, ranar za a ga santimita takwas ɗin nan.

Hanya ta biyu hotuna ne. A ɗauki ɗaruruwan hotunan gini daga kowane ɓangare, kowane hoto yana haɗa wani yanki da na kusa da shi, sai manhaja ta gano wuraren da suka yi tarayya ta fitar da siffar ginin. Wayar hannu mai kyamara mai kyau na iya yin wannan. Wasu wayoyin iPhone, daga 12 Pro da ta fito a 2020, suna ma da na'urar auna nisa a jikinsu, sai dai ba ta wuce kimanin mita 5, kuma hasken rana tsaka yana rikita ta. Hanyar hoto tana wahala a kan bango mai santsi da aka shafe da farin fenti, don manhajar ba ta samun abin kamawa. Rufi kuma sai da jirgi maras matuƙi, wanda tashinsa a Nijeriya na buƙatar izinin hukuma, kuma a yankinmu na arewa maso gabas ba abin da za a yi wa gaban kai ba ne.

Hanya ta uku ita ce babbar na'urar leza da ake kafawa a kan ƙafa uku, irin na kamfanonin Leica da FARO. Tana juyawa tana harba haske, tana auna nisan duk inda ya sauka, ɗigo dubban ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya. A matsar da ita ɗaki bayan ɗaki, a haɗa abin da ta tara, sai a samu tarin ɗigo miliyoyi da ke nuna ginin kamar yadda yake, da lanƙwasar silin da kumburin bango da komai. Kuɗinta ya haura dala 10,000 ko da ƙaramar ce, don haka haya ta fi dacewa da mu, kuma sai babban aiki. Ƙurar hunturu da gilashi da madubi suna jefa mata ɗigon ƙarya da sai an bi an share. Wani abin da ba a cika faɗa wa mai aiki ba shi ne, tarin ɗigon nan ba BIM ba ne tukuna. Ɗigo bai san shi bango ne ko labule ba. Sai mutum ya zauna ya bi su yana aza bango a inda bango yake, fila a inda fila take. A nan mafi yawan lokaci da kuɗin aikin ke tafiya.

Yanzu ga inda nake so mai karatu ya tsaya da ni. Dukkan hanyoyin nan uku fatar gini suke aunawa. Tef, hoto, leza, babu wanda ke ratsa filasta. Abubuwan da ke kashe mutane kuwa, ko su cinye kuɗin mai aiki, duk a ciki suke. Rodi nawa ne a cikin filar nan, mai milimita 12 ne ko 16, ko kuwa ma ba fila ba ce, bulo ne aka jera aka yi masa filasta ya yi kama da ita? Zurfin fandisho nawa ne? Bulon ya sha siminti ko yashi ne ke riƙe da juna? Akwai linta a saman tagar nan? Ina bututun ruwa ya bi, ina tsohuwar sokawe take? Allon silin ɗin nan na asbesto ne, wanda aka yi amfani da shi sosai a gine-ginen wancan zamani, kuma ƙurarsa ke jawo cutar daji in an farfasa shi ba tare da kariya ba?

Manhaja ba ta yarda a bar gurbi. Da ka aza fila, sai ta ba ta kauri da irin kankare daga abin da ke ajiye a rumbunta. Da ka aza bango, sai ta cika shi da kayan da ka zaɓa daga jeri. Abin da ke fitowa a allo tsaf yake, babu alamar shakka a ko'ina. Filar da injiniya ya fasa ya ƙirga rodinta da filar da yaro ya zata ya saka, kamarsu ɗaya a hoto. Tsohon zanen hannu aƙalla yakan zo da alamar tambaya a gefe da fensir. Samfurin kwamfuta yana zuwa da kwarjinin da ke sa Alhaji ya gamsu, ma'aikacin hukuma ya buga hatimi, ɗan kwangila ya fara aiki. Shi ya sa na ce kyan hoton na iya zama hatsari.

Maganin wannan yana cikin tsarin kansa, in za a yi amfani da shi. Tunda kowane bango da fila suna ɗauke da bayanai, ana iya ƙara musu gurbi ɗaya da ke faɗin daga ina bayanin ya fito: an auna an kuma buɗe an gani, ko an auna waje kawai, ko daga tsohon zane aka kwafo, ko zato ne. Sai a sa manhajar ta ba kowane rukuni launinsa. Ranar da aka buɗe samfurin a gaban mai aiki ya ga rabin ginin ja ne, wato zato, hirar za ta sauya. Zai fahimci dalilin da ya sa ake neman kuɗin tona rami biyu ko uku a gindin bango a duba fandisho, da na kawo na'urar da ke gano rodi a cikin kankare, da gudumar gwajin ƙarfin kankare, da yanko ɗan guntu a kai ɗakin gwaji. A ganina, duk samfurin tsohon gini da bai rarrabe abin da aka gani da abin da aka zata ba, bai cancanci a biya kuɗinsa ba, komai kyansa.

Bari mu ɗauki misalin da ya fi yawa a garin nan, wato ɗora bene. Fili ya yi tsada a cikin gari, iyali sun ƙaru, ko makarantar kuɗi ta samu ɗalibai, sai a ce a cire kwano a zuba dakin, wato rufin kankare, a hau sama. A ɗauki aji ɗaya mai mita 7 da mita 8, murabba'in mita 56 ke nan. Kankare mai rodi yana da nauyin kusan kilo 2,400 a kowace kubik mita, wato mita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri. Dakin mai kaurin santimita 15 zai ba da kilo 360 a kowace murabba'in mita. A kan ajin nan ɗaya, tan 20 ke nan, tun ba a aza bulon sama ba, ba a kawo benci da yara ba, ba a ɗora tankin ruwa mai lita 2,000 ba, wanda shi kaɗai tan 2 ne in ya cika. Bangon da aka gina don ya ɗauki katako da kwano ne ake so ya karɓi wannan. BIM za ta lissafa maka nauyin cikin daƙiƙa, ta kuma miƙa shi ga manhajar lissafin ƙarfin gini. Amma ko fandishon zai ɗauka, wannan sai wanda ya tona ya gani, kuma sai injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Nijeriya, ya sa hannu. Rushewar makarantar Saints Academy a Jos, nan maƙwabtanmu, ranar 12 ga Yulin 2024, inda mutum 22 suka rasu, ta nuna wa kowa abin da ake nufi da dakin ya faɗo a kan yara suna cikin aji. A Gombe akwai ƙarin matsala: wasu unguwannin suna kan ƙasar laka mai kumbura da damina ta tsuke da rani, ga kuma zaizayar ƙasa. Tsagewar bango a irin wannan wuri daga ƙasa take tasowa, kuma samfurin da bai ɗauki bayanin ƙasar ba rabin labari ya bayar.

In an yi awo na gaskiya, to a nan tsarin ke fara biyan kuɗinsa, kuma yana biya sosai. Revit da ArchiCAD duk suna da hanyar raba kayan gini gida uku: wanda ke nan zai zauna, wanda za a rushe, da sabon da za a ƙara. Kowane bango ana yi masa alamar rukuninsa. Daga samfuri ɗaya sai a fitar da zanen yadda ginin yake yau, da zanen abin da za a fasa, da zanen yadda zai koma. Lebura mai guduma ya samu takardar da ke nuna masa da launi bangon da zai taɓa da wanda ba zai kusanta ba. Wanda ya taɓa ganin an rushe bangon da ke ɗauke da rufi bisa kuskure ya san darajar wannan takarda.

Sai ƙididdiga, wadda ita ce uwar rigima a aikin gyara. Kowa ya san yadda take kasancewa. An yi ciniki, an fara aiki, bayan mako biyu ɗan kwangila ya zo: "Ranka ya daɗe, da muka buɗe silin mun tarar katakon duk ya tafi, sai an ƙara kuɗi." Mai aiki ya ga kamar ana cutarsa, ɗan kwangila ya ga kamar ana so ya yi aikin sadaka, kuma sau da yawa dukkansu gaskiya suke faɗa, domin babu wanda ya leƙa saman silin kafin a yi ciniki. A ayyukan gwamnati wannan ƙofar ce ake bi a ninka kuɗin kwangila. Samfuri mai gaskiya yana rage faɗin ƙofar. Bulo mai tsawon milimita 450 da tsayin 225 yana shiga kusan guda 10 a murabba'in mita, don haka in samfuri ya ce sabon bango murabba'in mita 120 ne, bulo wajen 1,200 ake magana, da ɗan ƙari na fashewa. Wanda ya rubuta 3,000 sai ya yi bayani. Abin da ba a iya gani ba kuma, kamar katakon da ke ƙarƙashin kwano, a ware masa kuɗin ko-ta-kwana a fili, kowa ya san da shi tun farko. Ba na cewa manhaja za ta hana wanda ya yi niyyar cuta. Amma tana sa ƙarya ta bar sawu, kuma mai binciken kuɗi ya samu abin da zai riƙe.

A manyan gine-gine kamar asibiti akwai amfani na daban. Gyaran ɗakin tiyata ko na haihuwa yana nufin sababbin bututun ruwa, na iskar oksijin, wayoyi, hanyoyin iskar sanyi, duk a cusa su cikin ginin da ba a yi shi da su a rai ba. Abin da muke gani a wuraren aiki shi ne mai famfo ko mai wayarin ya iso bim, wato kwantacciyar gadar kankare mai ɗauke da nauyin sama, ya tare masa hanya, sai ya ɗauko kurfi ya sassaƙe kankaren, wani lokaci har ya yanke rodi. In kowane mai sana'a ya saka nasa a samfuri ɗaya, manhajoji irin su Navisworks da Solibri suna nuna duk inda bututu ya ci karo da bim tun ba a sayi bututun ba. Haka kuma ana iya haɗa samfurin da jadawalin lokaci, a ga wane ɗaki za a kwashe marasa lafiya daga ciki a wane mako. Makarantu ma suna da irin wannan matsala ta lokaci: dogon hutu, lokacin da azuzuwa ke zama babu kowa, yana faɗowa ne a tsakiyar damina, a watan Agusta da ruwa ya fi ƙarfi. Wanda zai yaye rufin azuzuwa shida a lokacin yana buƙatar sanin adadin kwano da katakon kowane aji daidai, a kawo su a ajiye, a buɗe ɗaya a rufe kafin a taɓa na gaba.

Ginin ƙasa kuwa wani babi ne, kuma raina ya fi kwantawa a kansa. A Kafin Madaki, cikin ƙaramar hukumar Ganjuwa, akwai gidan Madakin Bauchi da Babban Gwani ya gina wajen 1860, wanda aka ayyana a matsayin kayan tarihi na ƙasa tun 1956. A cikin ganuwar Bauchi, a Jahun da Nassarawo da kewayen fada, har yanzu akwai zaurukan da aka yi da tubali da azara. Bangon ƙasa yana da kauri a gindi ya sirance a sama, ba shi da miƙaƙƙen layi ko ɗaya, kaurinsa ma yana sauyawa da kowane yaɓe. Bakan gizo da ɗaurin guga, wato salon rufin ginin ƙasa na gargajiya, babu su a rumbun Revit, sai an ƙera su da hannu ɗaya bayan ɗaya. Masana a Turai sun fara aiki kan reshen BIM na gine-ginen tarihi tun wajen 2009, amma dutse da jan bulo suka fi sani. Namu sai mu. Abin daɗin shi ne, hanyar hoto mai araha ta fi kama bangon ƙasa fiye da na siminti, saboda kaushinsa da zanen da ke jikinsa suna ba manhaja abin riƙewa. Ɗalibi da waya da haƙuri zai iya adana siffar zaure guda cikin yini.

Darajar irin wannan adanawa ta fito fili a Faransa. Lokacin da gobara ta cinye rufin majami'ar Notre-Dame a Faris ranar 15 ga Afrilun 2019, akwai awon leza na ɗigo sama da biliyan ɗaya da Andrew Tallon, malamin tarihin gine-gine a kwalejin Vassar ta Amurka, ya ɗauka shekaru kafin nan. Shi ya rasu a 2018, amma awonsa na cikin abin da masu gyara suka samu a hannu, aka kuma sake buɗe ginin a Disambar 2024. Namu zaurukan ba gobara ɗaya ke cinye su ba. Damina ce ke ɗiba kaɗan kaɗan, sai kuma gyaran da ake yi da kyakkyawar niyya: a shafe bangon ƙasa da siminti, danshi ya maƙale a ciki, bayan 'yan shekaru filastar ta ɓanɓaro da naman bangon. Samfurin irin wannan gini ya kamata ya ɗauki fiye da siffa. A rubuta daga wane kududdufi aka ɗebo ƙasar, da me aka cuɗa ta, yaushe aka yi yaɓe na ƙarshe, ina indararo ke zubarwa. Wannan ilimin yana kan tsofaffin magina, kuma in za a je wurinsu, a je da ladabi a ce, "Baba, a koya mana," a rubuta abin da suka faɗa da sunan sana'arsu a cikin bayanan.

Batun kuɗi ba a ɓoye yake ba. Lasisin Revit na shekara ya haura dala 2,000, abin da ƙaramin ofis a Bauchi zai yi tunani sau biyu kafin ya biya. Ɗalibai suna samun na karatu kyauta, amma ba a yarda a yi aikin kuɗi da shi ba. Tarin ɗigon leza yana son kwamfuta mai ƙarfi, ita kuma tana son wuta tsayayya, wato sola ko janareta. Akwai manhajojin kyauta da suka fara ƙarfi, kamar FreeCAD da Bonsai, da CloudCompare ta sarrafa ɗigo, duk da cewa koyonsu na buƙatar juriya. Kuma ba kowane aiki ke buƙatar BIM ba. Wanda zai sake fenti da tayil a gidansa, ko ya canja kwanon shago a kasuwar Wunti, tef da birkila nagari sun ishe shi, kada wani ya caje shi kuɗin samfuri. Inda tsarin ya zama dole a ganina shi ne inda za a taɓa abin da ke ɗauke da nauyi, inda masu sana'a da yawa za su yi aiki a wuri ɗaya, inda ginin na jama'a ne kuma za a sake gyara shi nan gaba, da inda ginin na tarihi ne.

Akwai kuma wanda ake yawan mantawa da shi, wato mutumin da ke riƙe da cokalin gini. Birkila ba zai buɗe Revit ba, kuma ba a buƙatar ya buɗe. Abin da yake buƙata takarda ce mai manyan lambobi, da hoton ɓangaren da zai yi a wayarsa. Abin da samfurin ke buƙata daga gare shi ya fi haka muhimmanci. Shi ne mutum na farko da ke ganin cikin bango ranar da aka fasa. In ya ce, "Injiniya, zo ka gani, nan babu linta," wannan maganar ta koma cikin samfurin a ranar, da hotonta, ja ya koma kore ko kuwa a sake lissafi. Matashin da ya iya kwamfuta amma yake jin ya fi ƙarfin sauraron birkila zai ƙare da samfurin wani gini da babu shi a duniya.

Saura tambayar wa zai riƙe samfurin bayan an gama. In ya zauna a kwamfutar mai zane, ranar da ya bar gari ko kwamfutar ta lalace an koma gidan jiya. Fayil ɗin Revit kuma ba ya buɗuwa a tsohuwar fitowar manhajar, kuma ba kowace manhajar wani kamfani ke iya buɗe shi ba. Don haka aka samar da tsarin ajiye fayil na bai-ɗaya mai suna IFC, wanda ƙungiyar buildingSMART ke kula da shi, ya kuma zama ƙa'idar duniya ta ISO 16739 a 2013, kowace babbar manhaja na iya karanta shi. Ma'aikatar ayyuka, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, jami'o'in da ke gyara da kuɗin asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund, har da mai gida, duk suna iya saka sharaɗi ɗaya a takardar kwangila ba tare da jiran wata sabuwar doka ba: ba za a biya kason ƙarshe ba sai an miƙa samfurin ginin kamar yadda aka gama shi, a tsarin IFC, tare da zanukan da aka buga a takarda da hotunan duk abin da aka gani kafin a rufe da filasta. A ajiye kwafi ɗaya a ma'aikata, ɗaya a ofishin shugaban makarantar ko asibitin, ɗaya a hukumar raya birane da ke ba da izinin gini.